Tsohon gida, ɓoyayyen asiri, soyayya ba batsa: wanne littafi ya dace a fara da shi?

Akwai wani nau'in labarin soyayya na Turawa da ake kira gotik. Yarinya marar gata, sau da yawa marainiya, za ta shiga wani katafaren tsohon gida, ko a matsayin malamar yaran gidan ko a matsayin amarya. Maigidan miskili ne, yau fara'a gobe ya murtuke. Akwai ɗakin da ba a buɗewa, akwai sunan da ba a ambata, masu aiki kuma sai su yi gum da zarar ta shigo. Son maigidan zai kama ta a daidai lokacin da ta fara zargin ko shi ne tushen abin da ake ɓoyewa. Wanda ya yi adabin Turanci a sakandare tsakanin 2016 da 2020 ya riga ya gamu da kakan waɗannan labarai, The Castle of Otranto na Horace Walpole, wanda ya fito a 1764, domin yana cikin littattafan jarrabawar WAEC na wancan lokacin.

Damuwar ita ce, duk wanda ya shiga kantin littattafai na intanet yau ya nemi irin wannan labarin, da yawa daga cikin sababbin da za a jero masa cike suke da batsa, kuma bangonsu ba ya nuna haka. Mai son labari mai tsafta, ko uwa mai nema wa 'yarta abin karantawa lokacin hutu, sai ta rasa na ɗauka. Na ware guda shida da na san cikinsu. Dukkansu da Turanci suke, biyu kyauta ne, huɗu sai an saya. Zan yi ƙoƙarin kada in tona asirin kowanne, sai ɗan abin da ya zama dole mutum ya sani kafin ya kashe kuɗinsa ko lokacinsa.

Abin da za a auna su da shi

Na farko tsafta, kuma ita kashi biyu ce. Akwai tsaftar abin da aka zayyana a shafi, wato ko marubucin ya ja labule a inda ya kamata a ja. Duka shidan sun tsallake wannan, iyakar abin da za a gani shi ne riƙe hannu, runguma da sumba. Akwai kuma tsaftar abin da labarin ya goyi baya: wa aka nuna mai gaskiya ne, wane laifi aka yafe, wane hali aka yi wa ado. A nan ne suka rarrabu, kuma nan ne na fi mayar da hankali, don littafi yana iya zama ba shi da kalmar batsa ko ɗaya amma ya bar wa yarinya 'yar shekara 14 darasin da ba a so.

Sai nauyin Turanci da tsawon labarin, domin littafin da aka ajiye a babi na uku asara ne ko da kyauta aka same shi. Sai kuɗi da hanyar samu. Sai ƙarko, wanda shi ma biyu ne: ko takardar za ta jure hannu da zafi, da kuma ko labarin zai sake karantuwa bayan an san asirin. Na ƙarshe shi ne abin da ka iya tayar da hankali, kamar tsoro, mugunta, zancen kashe kai, da yawan wa'azin wani addini ga wanda ba mabiyinsa ba.

Jane Eyre, na Charlotte Brontë, 1847

Wannan shi ne uwar sauran. Ta fitar da shi da sunan aro na namiji, Currer Bell, kuma yawancin waɗanda suka biyo baya daga gare shi suka ɗebo. Jane marainiya ce a hannun matar kawunta, wadda ta kulle ta tana 'yar shekara 10 a jan ɗakin da kawun ya rasu. Daga nan aka tura ta makarantar marayu ta Lowood, inda ake ba su ƙonannen kunu, sanyi da yunwa da cuta suna cin yara. Ta yi shekara takwas a can, shida tana ɗaliba biyu tana malama, sannan ta samu aikin koyar da wata yarinya, Adèle, a gidan Thornfield kan fam 30 a shekara. Tun ranar da aka zagaya da ita gidan ta ji wata dariya marar daɗi daga hawa na uku. Wani dare kuma ta farka ta tarar labulen gadon maigidan, Mista Rochester, yana ci da wuta shi kuwa yana ta barci.

Ta fuskar tsafta ta biyu, ban san wanda ya kai shi ba cikin shidan. Rochester ba waliyyi ba ne. Da bakinsa ya ba ta labarin matan da ya zauna da su a Turai ba aure, kuma lokacin da asirinsa ya tonu aure ya gagara, ya roƙe ta ta bi shi kudancin Faransa su zauna haka nan, tunda ba ta da dangin da za su ji kunya. Tana son sa kamar ranta, ba ta da ko sisin kirki, ba ta da inda za ta. Duk da haka ta tashi kafin asuba, ta bar sarƙar lu'ulu'un da ya ba ta, ta fita da sule 20, har ta kai ga roƙon abinci a ƙofar mutane. Littafin bai nuna wannan a matsayin wauta ba, ya nuna shi a matsayin darajarta. Wannan babin kaɗai ya isa dalilin ba budurwa littafin.

Inda yake da wahala shi ne farkonsa. Babi 38 ne, kusan shafi 500 a yawancin bugu, kuma sai a babi na 11 Jane take isa Thornfield. Mai gaggawar soyayya zai ƙosa. Jimlolin dogaye ne irin na ƙarni na 19, Adèle kuma tana yawan sako Faransanci, don haka bugun da ke da ƙarin bayani a baya ya fi. Addinin Kirista yana ko'ina a ciki, musamman a kashin ƙarshe inda wani mai niyyar zuwa Indiya wa'azi ya shigo labarin. Akwai kuma abu ɗaya da ba zan ɓoye ba: yadda littafin ya siffanta wata mata haifaffiyar Jamaika mai taɓin hankali, kamar dabba, abu ne da ke ci wa mai karatu ɗan Afirka rai, kuma ya cancanci a tattauna shi da yarinyar da aka ba littafin.

Kuɗi babu. Haƙƙin mallakarsa ya ƙare tuntuni, ana sauke shi kyauta daga Project Gutenberg, kuma LibriVox na da na sauraro, shi ma kyauta. Ga ƙarko, asirin gidan kaso kaɗan ne na darajarsa. Wanda ya karanta shi yana shekara 16 ya sake karantawa yana 35 zai ga kamar littafi biyu ne.

Rebecca, na Daphne du Maurier, 1938

Wannan ne na fi jin Bahaushiya za ta gane tun daga babin farko na gidan miji, kuma shi ne na fi taka-tsantsan wajen ba wani. Mai ba da labarin yarinya ce mai kunya, wadda har ƙarshe ba a faɗi sunanta ba. Tana yi wa wata attajira 'yar Amurka rakiya a Monte Carlo ta haɗu da Maxim de Winter, mai shekara 42, wanda matarsa Rebecca ta mutu a teku shekarar da ta wuce. Cikin 'yan makonni suka yi aure, ya kawo ta gidansa, Manderley.

Kishiya mai rai ana iya ganin aibinta, ana iya yin faɗa da ita a shirya. Ita wannan amarya da matacciya aka haɗa ta. Teburin rubutun da take zama na Rebecca ne, da rubutun hannunta a jikin kowane aljihu. Ta sa rigar ruwa ta cusa hannu a aljihu, sai ga hankici mai harafin R. Safiyarta ta farko wayar cikin gida ta yi ƙara, aka tambayi matar de Winter, sai ta amsa cewa ai matar de Winter ta fi shekara da rasuwa, ta manta yanzu ita ce. Ta fasa wani ɗan kayan ado na tangaran, tsoron masu aiki ya sa ta tattara ɓarɓashin a ambulan ta ɓoye a aljihun tebur kamar baƙuwa. Shugabar masu aikin gidan kuwa, Misis Danvers, wadda ta reni Rebecca, ta bar ɗakin uwargidan yadda yake, da rigar barcinta da burushin gashinta, tana share shi kullum.

Ba fatalwa a littafin, amma ya fi sauran shiga jiki. Du Maurier da kanta ta ce nazari ne a kan kishi, kuma gaskiyarta ke nan. Wanda ya zo neman soyayya mai sanyaya zuciya zai tarar da miji mai yi wa matarsa magana kamar 'yar ƙaramar yarinya, ba ya lura da halin da take ciki.

A shafi tsaf yake. Amma rabinsa na biyu ya ginu ne a kan cin amanar aure, kuma akwai wurin da Misis Danvers ta tsaya da amarya a bakin taga tana lallashinta ta faɗo ƙasa ta huta. Wanda ke fama da damuwa ko ya taɓa rasa wani ta wannan hanya ya san da wannan tun wuri. Abin da ya fi nauyi shi ne, lokacin da amarya ta gano babban laifin da aka aikata a gidan, abin da ya fara zuwa mata shi ne farin cikin cewa ashe ita ake so, daga nan ta shiga taimakawa a rufe. Marubuciyar ta tsara labarin yadda mai karatu ma zai samu kansa yana fatan mai laifi ya kuɓuta. Ga babba, wannan abin dubawa ne mai amfani, ya ga yadda so ke karkatar da hukunci. Ga yarinya ƙarama ban ga dacewarsa ba.

Turancinsa ya fi na Jane Eyre sauƙi sosai, sai dai babi biyun farko bayanin gida da itatuwa ne, a daure a wuce su. Ya haura shafi 400. Du Maurier ta rasu a 1989, don haka haƙƙin mallaka na nan, sai an saya. Sa'ar ita ce tun fitowarsa ba a daina buga shi ba, kuma fim ɗin da Alfred Hitchcock ya yi a 1940 ya ƙara masa suna, shi ya sa ya fi sauran na kuɗin saurin samuwa wurin masu sayar da littattafan gwanjo. Ga ƙarko ba shi da na biyu sai Jane Eyre. Karatu na biyu ma ya fi, domin kowace kalmar Maxim sai ta canza ma'ana.

Nine Coaches Waiting, na Mary Stewart, 1958

Da a ce mutum ɗaya zai tsayar da ni ya ce in zaɓa masa guda ba tare da na san shi ba, wannan zan miƙa. Linda Martin ta tashi a Faris, mahaifinta Bature ɗan Ingila mahaifiyarta Bafaransa, bayan rasuwarsu ta ƙare a gidan marayu a Landan. Aka ɗauke ta koyar da Philippe, yaro ɗan shekara tara, magajin sarauta da dukiyar Valmy, a wani gidan sarauta cikin tsaunukan gabashin Faransa kusa da tafkin Geneva. Matar da ta ɗauke ta ta nuna ta fi son wadda ba ta jin Faransanci, sai Linda ta ɓoye cewa harshen uwarta ne, don tana matuƙar buƙatar aikin. Wannan ƙaramar ƙarya ita ta ba ta damar jin abin da ake faɗa a gabanta ana zaton ba ta ganewa.

Mai riƙon gidan baffan yaron ne, Léon, mutum mai kwarjini da ke kan keken guragu, wanda ya zuba rayuwarsa wajen gyara gandun da ya san ba nasa ba ne, na maraya ne. Sai harsashi ya wuce ta kan yaron a daji, aka ce mafarauci ne ya yi kuskure. Sai madogarin barandar ɗakinsa ya karye. Linda kuwa ta riga ta kamu da son Raoul, ɗan Léon, wanda shi ma zai ci riba in yaron ya kau.

Dukiyar maraya a hannun baffa ba baƙon zance ba ne a wurinmu, kuma abin da ya sa nake son littafin shi ne inda ya sa zuciyarsa. Da aka kai inda Linda za ta zaɓa tsakanin amincewa da wanda take so da tsare ran yaron da aka ba ta amana, yaron ta zaɓa, ta ɗauke shi cikin dare suka bi daji. Ba ta yi jiran wani ya cece ta ba. Abin da za a lura da shi kaɗan ne: ana shan giya da taba kamar yadda aka saba a labaran wancan zamani, akwai daren da Raoul ya kai ta gidan caca, kuma son nasu ya yi saurin ƙulluwa. Tsoron cikinsa na bugun zuciya ne, ba na mafarkin dare ba. Turancin a miƙe yake, da 'yan baitocin tsofaffin mawaƙan Ingila a kan babi, waɗanda ana iya tsallakewa ba a rasa komai ba.

Cikasinsa samu. Stewart ta rasu a 2014, littafin na kuɗi ne, kuma bai kai Rebecca yawo a kasuwar gwanjo ba. Mai yiwuwa sai an saye shi a Kindle, manhajar karanta littattafai a waya, ko an yi odarsa, wanda ke nufin biya da dala da kuma katin da zai yarda ya biya.

Mistress of Mellyn, na Victoria Holt, 1960

Victoria Holt ɗaya ne daga sunayen aro na Eleanor Hibbert, wadda kuma ita ce Jean Plaidy mai labaran tarihi. Wannan littafin na cikin waɗanda suka buɗe ƙofar kasuwar gotik ta shekarun 1960 da 1970, masu bangon mace tana gudu daga wani gida mai taga ɗaya a kunne. Martha Leigh ta je yankin Cornwall na Ingila koyar da Alvean, 'yar Connan TreMellyn. An ce matarsa Alice ta mutu a hatsarin jirgin ƙasa tana guduwa da wani maƙwabci, amma gidan na da ramukan leƙe a bango, da wata yarinya shiru-shiru da kamar ta san wani abu.

Shi ne mafi sauƙin Turanci kuma mafi gajarta, ana gama shi a ƙarshen mako. Asirin ƙarshe yana da ƙarfi, da wuya a canko shi. Amma Connan yana da alaƙa da matar wani, kowa a garin ya sani, kuma akwai inda ya sumbaci Martha da ƙarfi ba da yardarta ba, labarin kuma ya wuce wannan da sauƙi fiye da yadda nake so. Kamar ƙosai yake, daɗinsa yana zafinsa ne, da wuya a koma masa bayan an san wanda ya yi ɓarnar. Ana yawan cin karo da littattafan Holt a gwanjo da arha.

The Woman in White, na Wilkie Collins, 1860

Ya fara fitowa kashi-kashi a mujallar Charles Dickens, All the Year Round, daga 1859 zuwa 1860, shi ya sa kowane kashi ke ƙarewa a inda mutum ba zai iya ajiyewa ba. Walter Hartright, malamin zane, ya haɗu da wata mata sanye da farare tsakar dare a hanyar Landan, daga baya ya ji daga asibitin masu taɓin hankali ta gudo. Ya je aiki gidan Limmeridge, ya tarar ɗalibarsa Laura Fairlie kamar an tsaga kara da matar. Suka so juna, amma Laura ta yi wa mahaifinta alkawari a gadon mutuwarsa cewa za ta auri Sir Percival Glyde, ta kuma cika.

Soyayya a nan ita ce ƙarama, makirci ne babba. Laura na da gadon fam 20,000, kuma aka rubuta yarjejeniyar aure yadda in ta mutu ba ɗa duk kuɗin mijin ne, lauyan gidan yana ja baffanta yana cewa kada a dame shi. Akwai wurin da mijin ya ninke takarda ya bar wurin sa hannu kawai, ya ce ta sa ba tare da ta karanta ba. Mai karatu Musulmi, da ya saba da cewa dukiyar mace tata ce ko bayan aure, zai sha mamaki, amma haka dokar Ingila take kafin gyare-gyaren 1870 da 1882. Tauraruwar littafin 'yar'uwar Laura ce, Marian Halcombe, wadda ta hau rufin baranda cikin ruwan sama don ta ji abin da ake ƙullawa. Mugun kuwa, Count Fosco, abokin Percival, ƙaton Ba'italiye ne mai ladabi da ke wasa da fararen ɓeraye, kuma ladabin nasa ya fi ihun Percival ban tsoro.

Tsaf yake ta kowace fuska, in ban da cewa asirin ya taɓo batun haihuwa ba aure, an kuma faɗe shi da kunya. Mutane daban-daban ne ke ba da labarin bi da bi kamar shaidu a kotu. Ya haura shafi 600, shi ne mafi tsawo, amma ya fi Jane Eyre saurin tafiya. Kyauta ne a intanet.

The Secret of Pembrooke Park, na Julie Klassen, 2014

Na sa shi don ya wakilci na zamani da ake rubutawa da niyyar tsafta tun farko. Bethany House ta Amurka ce ta buga shi, kamfanin littattafan Kirista. Iyalin Abigail Foster sun karye, sai aka ba su wani gidan dangi da aka bari shekara 18, kofunan shayi na nan kan tebur yadda aka tashi aka bar su, ana kuma raɗe-raɗin akwai ɓoyayyen ɗaki mai dukiya. Ba abin kunya a ciki, Turancin na yau ne mai sauƙi, tsoron kaɗan ne. Saurayin labarin mai hidimar coci ne, akwai addu'a da huɗuba da zancen gafara. Ga Bahaushe Kirista wannan ƙarin armashi ne, Musulmi kuma ya sani kafin ya saya. Shi ne wanda ya fi wuyar samu da arha, kuma bai kai na sama zurfi ba.

| Littafi | Tsafta a shafi | Abin lura | Turanci | Tsawo | Kuɗi | Sake karantawa |
|---|---|---|---|---|---|---|
| Jane Eyre | Tsaf | Tayin zama ba aure, ta ƙi. Addini da yawa | Mai nauyi | Dogo | Kyauta | Sosai |
| Rebecca | Tsaf | Cin amana, zancen kashe kai, rufe laifi | Matsakaici | Matsakaici | Saye, ana samun gwanjo | Sosai |
| Nine Coaches Waiting | Tsaf | Giya, caca, barazana ga yaro | Matsakaici | Matsakaici | Saye, sai an nema | Eh |
| Mistress of Mellyn | Tsaf | Maigida mai neman mata | Mai sauƙi | Gajere | Saye, gwanjo da arha | Da wuya |
| The Woman in White | Tsaf | Zaluntar mata kan gado | Mai ɗan nauyi | Dogo ƙwarai | Kyauta | Eh |
| The Secret of Pembrooke Park | Tsaf ƙwarai | Wa'azin Kirista | Mai sauƙi | Matsakaici | Saye, da tsada | Wataƙila |

Wajen saye

Ƙananan bugun shekarun 1960 da 1970 da ake samu a gwanjo takardarsu ta yi ja, gam ɗin bayansu ya bushe, zafinmu kuma yana ƙarasa shi. Kafin a biya, a buɗe tsakiya a ga ko shafuka na zubowa, sannan a duba shafukan ƙarshe ba tare da an karanta ba, a tabbatar lambobin sun cika. Labarin asiri da babin ƙarshe ya ɓace ba shi da amfani. A duba bango kuma ko an rubuta cewa taƙaitacce ne. Oxford Bookworms da Penguin Readers suna da sauƙaƙan bugu na irin su Jane Eyre da The Woman in White, masu kyau ga ɗalibi, amma wanda ke son cikakke kada ya saye su da kuskure.

Kwafin Rebecca ko na Mary Stewart da ke yawo kyauta a zaurukan WhatsApp na sata ne, haƙƙin wasu ne, kuma sau da yawa a yanke suke. Su kuma tsofaffin da haƙƙinsu ya ƙare, wasu sun ɗauke su sun cusa batsa sun fitar da suna mai kama da na asali, don haka in aka ga sunan wani marubuci kusa da na Brontë a bango, a ajiye.

Biyu kuma da ake yawan jerawa tare da waɗannan ba na wannan buƙata ba ne. Wuthering Heights na Emily Brontë, wanda WAEC ta sa daga 2021 zuwa 2025, babu batsa a ciki, amma labarin ramuwar gayya ne da azabtar da 'ya'yan maƙiyi. Flowers in the Attic na V. C. Andrews, 1979, yana da tsohon gida da asirin dangi, amma ya ƙunshi alaƙa tsakanin muharramai, bai kamata ya shiga gida da sunan labari mai tsafta ba.

Wa ya dace da wanne

Uwa ko yaya mai nema wa budurwa 'yar sakandare, in Turancinta ya yi ƙwari, Jane Eyre, kuma a yi hira da ita bayan ta gama. In bai yi ƙwari ba, a fara mata da sauƙaƙan bugunsa, ko a nemo Nine Coaches Waiting.

Wanda ba shi da kuɗin littafi sai waya da ɗan data, Jane Eyre ko The Woman in White. In zuciyar labari yake so ya ɗauki na farko, in warware ƙulli yake so ya ɗauki na biyu. Namijin da ke ganin labarin soyayya ba nasa ba ne, shi ma The Woman in White ne nasa.

Matar aure ko duk babban da ke son labarin da zai zauna masa a rai kwanaki, Rebecca. Amma amaryar da ta shiga gidan da uwargida ta rasu ba da jimawa ba, ko wadda kishi ke ci yanzu haka, ta ɗan jinkirta shi.

Mai koyon Turanci da ke son ya ga ya gama littafi guda cikakke, Mistress of Mellyn, in ya riga ya girma. Mai son kada komai ya sosa masa rai, kuma wa'azin coci ba zai dame shi ba, na Julie Klassen. Wanda kuma ya karanta duk wannan har yanzu yana tsakanin biyu, ya nemi Nine Coaches Waiting, kafin ya iso ya sauke Jane Eyre ya fara.